Yadda za ka fitar da DNA daga ayaba, ka kuma nuna yadda mita biyu ke shigewa cikin ƙwayar halitta

Malaman kimiyya na sakandare da wasu iyaye sun daɗe suna aiko mini da tambaya guda: ta yaya za a nuna wa yaro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ido da ido a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wata ma ko wutar lantarki babu? Sai ta biyu ta biyo baya, wadda ta fi ta farko wuya. An ce DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya tak ta jikin ɗan Adam yana kai mita biyu in aka miƙe shi, to yaya aka yi ya shige wurin da ido ba ya iya gani?

Aiki biyu ne, amma shawarata kada a raba su. In ka tsaya a fitar da DNA kaɗai, yara za su ga wani farin abu mai yauƙi, su ƙyalƙyale da dariya, su watse ba su san abin da suka gani ba. In kuma lissafi kaɗai ka yi musu a allo, za su ɗauke shi labari. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka duka biyun, muddin ka shirya kayanka tun da safe.

1. Tara kayan aiki

Kowane rukunin ɗalibai na bukatar rabin ayaba nunanniya sosai, leda mai kauri, kofin gilashi ko na roba da ake ganin cikinsa, tsinken tsire, da ƙyalle mai tsabta irin wanda ake tace koko da shi. Ajin gaba ɗaya kuma na bukatar gishiri, sabulun ruwa na wanke kwanuka, ruwan leda, ƙanƙara, ruwan zafi a fulas, sirinji mai cin mililita 10 ko 20 wanda ba allura, da sifirit daga kemis. Don sashe na biyu, nemi zaren ulu, murafan gorar ruwa, salatif, da tef ɗin awo na tela.

Wajen kuɗi, yi lissafinka da yawan rukunoni. Ajin mutum 60, in ka raba su shida-shida, rukuni 10 ke nan: ayaba 5, sifirit mililita 200 da ɗan ƙari saboda zubewa, ƙunshin ulu ɗaya, murafai 100. Sifirit ne zai ci mafi yawan kuɗin, sai ƙanƙara. Murafai kyauta ne, ka ce yara su tsinto mako guda kafin ranar. Sauran duk suna kicin.

Gargaɗi: duba jikin kwalbar sifirit kafin ka biya. Mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye shi ne ya fi; mai kashi 70 yana yi, amma abin da zai fito kaɗan ne. Man tsaftace hannu mai kauri ba ya yi ko alama. Kada kuma wani ya ba ka shawarar fetur ko kananzir ka ɗauka.

A bidiyoyin intanet za ka ga da sitiroberi ake yawan yi. Sai dai in kana Jos ne, ba dalilin wahalar da kanka nemansa. Ayaba ta fi sauƙin damawa, gwanda da tumatir ma suna yi. Albasa na ba da DNA mai yawa, amma sai an markaɗa ta, ga yajin ido.

2. Fara sanyaya sifirit kafin komai

Wannan matakin ne mutane ke mantawa sai sun kai ƙarshe, sannan su ce gwajin ya ƙi. In akwai firiza mai wuta, sa kwalbar a ciki tun daren jiya. Sifirit ba ya daskarewa a firizar gida. In babu, farfasa ƙanƙara a kula, ka barbaɗa mata gishiri cikin tafin hannu, ka binne kwalbar a ciki na akalla minti 30. Gishirin na sa ƙanƙarar ta ƙara sanyi. Kada ka fito da kwalbar sai mataki na 7.

Gargaɗi: sifirit na kama wuta da sauri, kuma irin na kemis guba ne in aka sha. Ya tsaya a hannun malami. Shi ya sa na ce a dafa ruwa a gida a zo da shi a fulas, don kada a kunna risho a ɗakin da aka buɗe sifirit.

3. Haɗa ruwan fasa ƙwayoyi

Auna ruwa mililita 90, ka zuba gishiri rabin cokalin shayi, ka juya ya narke. Sannan ka sa sabulun ruwa cokalin shayi biyu, wato mililita 10. Wannan ya ishi ayaba ɗaya, ko rukuni biyu. Ledar ruwa guda rabin lita ce, don haka ta ishe ka aji mai rukuni 10.

Juya a hankali, kada ya yi kumfa. Sabulu ya zo a ƙarshe saboda haka.

Yara za su tambayi amfanin kowanne, gara ka riga su. Ƙwayar halitta a lulluɓe take da tantani na maiƙo, cibiyarta ma haka, kuma a cikin cibiyar DNA yake. Sabulu na narkar da wannan maiƙo yadda yake yi wa kwanon miya. Gishiri kuwa, DNA na ɗauke da cajin negatif, shi ya sa zarensa ke tunkuɗe juna. Gishiri na kwantar da wannan caji, zaruruwan su iya haɗuwa wuri ɗaya, yana kuma taimakawa wajen raba su da furotin ɗin da suke naɗe a jiki. Riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

4. Dama ayaba

Ɓare rabin ayaba, sa a leda, fitar da iska, ƙulle bakin. A murtsuke ta da yatsu minti biyu zuwa uku har ba sauran gudaji. Sai a kwance, a zuba mililita 50 na ruwan da aka haɗa, a sake ƙullewa, a dinga matsawa sannu-sannu na minti ɗaya.

Gargaɗi: ƙarfi kafin a sa sabulu ake yinsa. Bayan an sa, tausa ce kawai. Akwai yaron da zai ɗauki ledar yana jijjigawa, hana shi, don kumfa zai hana tacewa, jijjigar kuma tana tsinka zaren gutsi-gutsi. Mai amfani da albasa da bilenda, daƙiƙa biyar zuwa goma ta isa.

5. Ɗumi, sannan sanyi

Zuba ruwan fulas da ruwan randa rabi da rabi a roba, zai ba ka ɗumin da bai yi nisa da digiri 60 ba. Tsoma ledar minti 10 zuwa 15, sannan ka mayar da ita cikin ruwan ƙanƙara minti 5. Ɗumin na gaggauta fashewar ƙwayoyin, yana kuma raunana wasu sinadaran cikinsu masu sassare DNA da zarar ya fito. Kada ya wuce minti 15, kada kuma a sa a tafasasshen ruwa, don zafi mai yawa shi kansa DNA ɗin yake lalatawa. In lokaci ya ƙure maka, da ayaba za ka iya tsallake wannan mataki. Da albasa bai kamata ba.

6. Tace

Ɗaura ƙyalle a bakin kofi, ka ɗan lotsa tsakiyarsa, ka zuba damammiyar ayabar. Bar ta ta ɗiga da kanta. Mililita 10 kawai kake nema, cokalin shayi biyu.

Haƙuri ake so a nan. In aka matse ƙyallen, tsakin ayaba zai bi ya gurɓata ruwan, daga baya ya taso tare da DNA ɗin har a kasa bambance su. In ya ƙi ɗiga sam, ya yi kauri ne, ƙara masa ruwan haɗin kaɗan. Mai ɗanyar abarba a kusa zai iya ɗiga digo biyu ko uku na ruwanta a cikin tataccen ruwan. Tana da sinadarin da ke narkar da furotin, sai zaren ya fi fitowa fes. Ta kwali ba ta yi, an riga an dafa ta.

7. Zuba sifirit

Duk aikin a nan yake ci ko ya faɗi. Karkata kofin, ka zuƙi sifirit mai sanyi mililita 20 a sirinji, ka ɗora bakin sirinjin a jikin kofin daga ciki, ka dinga saki a hankali yana gangarowa. Abin da ake so shi ne ya kwanta a saman ruwan ayabar, hawa biyu, na ƙasa gurɓatacce, na sama garau. Miƙar da kofin, ka ajiye a tebur, kowa ya janye hannunsa.

Ce wa yara su durƙusa, idonsu ya yi daidai da layin da ruwan biyu suka haɗu. Da farko ba komai. Can sai wani farin hazo ya bayyana a kan layin, ƙananan kumfa maƙale da shi. Cikin minti uku zuwa biyar hazon zai fara tasowa yana jan siraran zaruruwa a bayansa, har ya taru ya yi curi a cikin sifirit ɗin. Dalili shi ne DNA na narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a sifirit, musamman mai sanyi in ga gishiri, don haka duk wanda ya taɓo layin sai ya fito fili.

Gargaɗi: kada a tuttula sifirit daga sama, kada a juya, kada a ɗaga kofi ana kai wa na bayan aji su gani. In hawa biyun suka gauraye, sifirit ya tsinke, sai dai a sake da sauran tataccen ruwan. Shi ya sa ba a zubar da ragowar sai an gama.

In minti goma suka wuce ba ka ga komai ba, bincika abu uku bi da bi: sifirit ya huce, ko ƙarfinsa kaɗan ne, ko an manta gishiri. Kusan kullum ɗaya daga cikinsu ne.

8. Ɗebo shi

Sa tsinken tsire a cikin curin, ka dinga murza shi ta gefe guda, sannu a hankali. Zaren zai naɗe a jiki. Ɗago shi yara su ga yadda yake ja. In kana son ajiyewa, sa shi a ƙaramar kwalba da sabon sifirit ka toshe.

Faɗa musu gaskiya guda biyu a nan. Ba zare ɗaya suke gani ba. Kaurin zaren DNA nanomita 2 ne (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya), ko maikiroskof na makaranta ba ya ganinsa. Tarin zaruruwa ne daga ɗimbin ƙwayoyi suka cukuikuye. Sannan ba tsantsarsa ba ne, akwai RNA, wani ɗan'uwan DNA, da furotin da wani abu mai danƙo na jikin 'ya'yan itace a haɗe. Malamin da ya ce wa yara ga DNA tsantsa ya zarce.

Wanda ke son ganin nasa na jikinsa, ya guntsi ruwan gishiri cokali biyu, ya kurkure baki da ƙarfi minti ɗaya, ya tofa a kofinsa, a ɗiga sabulu digo ɗaya, a juya a hankali, sai a koma mataki na 7. Abin da zai fito bai kai na ayaba ba, amma yara sun fi murna da shi. Kowa da kofinsa, a zubar bayan an gama, kuma kada ka sa wannan darasi a watan azumi.

9. Lissafa mita biyun a allo

Kada ka ba su adadin, bar su su fitar da shi. DNA jerin haruffa huɗu ne, A, T, G da C, suna tafiya bibbiyu. Ɗan Adam na gadon tagwayen haruffa kimanin biliyan 3.1 daga uwa, wasu kamarsu daga uba, jimla biliyan 6.2. Tsakanin tagwaye da na gaba nanomita 0.34 ne. Ninka 6.2 da 0.34, za a samu nanomita biliyan 2.1. Nanomita biliyan ɗaya shi ne mita ɗaya. Ga mita biyu da 'yan kai.

Ba zare ɗaya ba ne dogo, gutsure 46 ne, su ne kuromosom. Mafi tsawo, na 1, kimanin santimita 8.5, mafi gajarta, na 21, bai kai santimita 2 ba. Duka kuma suna cikin cibiyar da faɗinta bai wuce maikiromita 6 zuwa 10 ba (maikiromita dubu ɗaya ne milimita ɗaya).

Waɗannan lambobi ba sa shiga kan kowa sai an kumbura su. Ninka komai sau miliyan: zaren zai zama igiya mai kaurin milimita 2, tsawonta kilomita 2,000, wato kusan Kano zuwa Legas da dawowa a mota, cibiyar kuma ta zama ɗaki mai faɗin mita 6. Igiyar za ta shiga ɗakin, wuri ba shi ne matsala ba saboda sirantarta. Matsalar ita ce ta shiga ba ta sarƙe ba, ba ta tsinke ba, kuma duk sa'ad da aka bukaci wani yanki a same shi nan take.

Gargaɗi: kada ka ce kowace ƙwaya ta jiki na da mita biyu. Jajayen ƙwayoyin jini da suka nuna ba su da cibiya, ƙwan mace da maniyyi kuma rabi suke ɗauke da shi. Kada kuma yara su ɗauka yawan DNA shi ne daraja. Na ƙwayar albasa ya ninka namu wajen sau biyar, ya haura mita goma.

10. Naɗa zare a murafai

Ba kowane rukuni ulu mita 2 da murafai 10. Su fara miƙe zaren a ƙasa su auna, su rubuta santimita 200.

Murfin gora faɗinsa wajen santimita 3 ne. A manna bakin zaren a gefen murfi na farko da salatif, a zagaye shi sau ɗaya da kashi biyu cikin uku, wanda zai ci kimanin santimita 15, a sake mannawa. A bar santimita 5 sake, sai a ɗauki murfi na biyu. Haka har na goma, zaren zai ƙare daidai.

Ba da ka na zaɓi waɗannan awo ba. A cikin ƙwaya, murfin nan curi ne na furotin guda 8 da ake kira histon. DNA na zagaye shi sau 1.65, da tagwayen haruffa 147, sannan ya bar ɗan tsakani na haruffa 'yan gomomi kafin curi na gaba. Curin da zarensa shi ne nukiliyosom, faɗinsa nanomita 11, kuma akwai kimanin miliyan 30 a ƙwaya ɗaya. A can ba salatif. Histon na da cajin fozitif, DNA na da negatif, sai su manne. Yanzu tuna wa yara gishiri da ruwan abarba: wannan mannewar muka sassauta ɗazu, shi ya sa abin da ya hau tsinke ya zo a warware yana ja.

Sai awo. In aka ja jerin ya miƙe, zai ba da wajen santimita 80. In aka matso da murafan suka taɓa juna, santimita 30. Raba 200 da 30, kusan 7. Naɗin farko a cikin ƙwaya ma kusan haka yake rage tsawo, sau shida zuwa bakwai.

Gargaɗi: kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya yi ta zagaye murfi ɗaya sau biyar ko goma don ya gama da wuri. Tsaya a kansu, ƙasa da zagaye biyu ne. Na biyu, a dinga naɗawa ta gefe guda. In wani ya juya hannu, jerin zai murɗe ya ƙi kwanciya.

11. Daga murafai zuwa kuromosom

Sau bakwai bai kai ko'ina ba, mita biyu ta koma santimita 30 ne kawai. Haɗa jerin rukunoni goman baki da baki da salatif, murafai 100, zare mita 20. Kafa sanda ko kara a tsakiya. Bayan kowane murafai goma, lanƙwaso jerin ya dawo jikin sandar ka ɗaure, ya zama madauki. Madaukai goma za su kewaye sandar, a matse su, a sake awo. Abin da ya fara da mita 20 yanzu tsayinsa a jikin sanda bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba.

Haka ƙwaya ke yi, wasu furotin na kama zaren suna fitar da madaukai. Sa'ad da za ta rabu biyu, bayan ta kwafi DNA ɗinta, matsewar kan kai wajen sau 10,000, a lokacin ne kuromosom ke ɗaukar siffar X ɗin nan ta cikin littafi. Sauran lokaci ba haka yake ba, a sassauce yake, kowane kuromosom da yankinsa a cikin cibiya. Nuna musu wannan da hannu: kwance madauki ɗaya, ka zame murfi ɗaya daga zarensa. Wurin da aka buɗe haka shi ƙwaya ke iya karantawa, wanda aka matse kuma yana nan shiru. Ƙwayar hanta da ta fata DNA ɗinsu ɗaya ne, wuraren da kowace ta buɗe ne suka bambanta.

Littattafan makaranta da yawa na zana wani mataki a tsakani, inda nukiliyosom ke jeruwa tsaf su ba da igiya mai kaurin nanomita 30. Koyar da shi tun da yana iya fitowa a jarrabawa, amma binciken baya-bayan nan ya nuna a cikin ƙwaya mai rai tarin bai cika yin wannan tsari ba, ya fi kama da cunkuso. Don haka in na yaranka ya fito a karkace, kada ka sa su gyara.

Kafin a tashi, tattara kofunan da kanka, ka tsiyaye su a magudana ka bi da ruwa mai yawa, kowa ya wanke hannu. Sandar da murafanta a rataye ta a bangon aji, za ka bukace ta ranar darasin rabuwar ƙwaya.